Baba Hosea da Kabureta Biyu

Hantsi ne na ranar Laraba, ƙarshen Oktoba na 2014. Hilda tana zaune a tsakar gidanta a unguwar Shagari Low Cost da ke Yola tana tsince yakuwa, sai wayarta ta yi ƙara a kan turmi. Autarta ce, Endurance, wadda ke karatu a Mubi.

"Mama, sun shigo. Muna gudu."

"Su wa? Gudu zuwa ina?"

"Daji, Mama. Kowa ya shiga daji. Ki ce wa Baba ya zo hanyan Hong, zan fito bakin titi in..."

Hilda ta ji wani abu kamar ana zazzage tsakuwa a kan rufin kwano, sannan layin ya ɗauke. Ta kira, ta sake kira, wayar ba ta shiga ba.

Ta sha jin labarin Gwoza da Madagali da Michika. Ta dafa tuwo a harabar coci tare da 'yan Zumuntar Mata, ta raba wa waɗanda suka tsero da kayan jikinsu kaɗai. Amma duk wannan labarin wasu ne. A ranar ne tsoron ya shigo gidanta. Ta miƙe ta zaga bayan gida, wurin rumfar da mijinta yake yini.

Ta same shi yadda ta san za ta same shi: dattijo mai furfura cikin singileti, ya sunkuya a kan inji, ya cusa bakin tiyo a kunnensa, ɗaya bakin kuma yana kai shi wannan kabureta, ya mayar waccan. Ta buɗe baki, ya ɗaga mata yatsa ta yi shiru.

Wannan shi ne Baba Hosea, wanda unguwa ke ce wa Injiniya.

Ba injiniya ba ne, bai taɓa zama ba. Ɗan masunci ne daga wani ƙauye a bakin Binuwai ta wajen Numan. Ya yi makarantar mishan, rubutunsa ya yi kyau, aka ɗauke shi aikin sito a Yola, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gadin shebur da gangunan kwalta. Sunan Injiniya ya samo shi ne daga wata hular kwano rawaya da yake sawa, wadda babu wanda ya ba shi. Yana saurayi wani Bature mai aikin hanya zai koma ƙasarsu, yana neman inda zai jibge wata jar mota da ta fara tari, sai Allah ya haɗa shi da Hosea. Kujera biyu ce da ita, rufinta tamfol, kuma ta yi ƙasa-ƙasa har cikinta na goge duk wani tudu da ke tsakanin Jimeta da Yola. Shi yana kiranta Lady. Yaran unguwa suka sa mata Kwale-kwale, kuma sunan yara ne ya bi ta.

Hilda ba ta musun cewa motar ta taɓa burge ta. A cikinta aka ɗauko ta daga coci ranar aure, iska ta fizge mata ɗankwali, mutane suna tafi. Amma 'ya'ya biyar suka zo, kujera tana nan biyu. Hilda ce da gumin koyarwarta ta kawo Fijo gidan, doguwa mai ɗaukar iyali da buhun masara. Hosea ya karɓi makulli ya ce ƙafar mace ta yi wa kuloc nauyi, don haka ba ta taɓa koyon tuƙi ba. Fijo ita ta kai yara makaranta, ta kai marasa lafiya asibiti, ta kai gawa ƙauye. Kwale-kwale kuwa aikinta kwanciya a rumfa a lulluɓe, ana goge ta da tsumma mai laushi fiye da tawul ɗin mutanen gidan.

Abin haushin shi ne babu laifin da za a kai wa fasto. Hosea ba ya shan burkutu, ba ya duka, ba ya bin mata. Dattijon coci ne, shi ke karanta nassi ran Lahadi da murya kamar mai sanarwa a rediyo. Mace za ta je ta ce me? Mijina yana son ƙarfe?

Da ya yi ritaya cutar ta samu fili. Ya ga hoto a wata tsohuwar mujalla, irin motarsa da kabureta biyu jere a gefen inji suna ƙyalli. Kabureta ita ce ke gauraya fetur da iska ta shayar da inji, kuma guda ɗaya ta ishi kowace mota a Adamawa. Ban da ta Hosea.

"Kai da ƙofan hanci ɗaya kake numfashi?" Haka yake tambayar duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. "Allah da kansa biyu ya yi maka. To inji ma haka ne. Ka ba shi biyu, ka ga gudu."

Mai sauraron wannan huɗuba kullum shi ne Hamajoɗa, abokinsa tun zamanin aiki, tsohon malamin dabbobi daga Wuro Hausa. Kowace safiya yakan hau Keke Napep ya zo ya zauna a benci da kofin shayi, ya yi ta zuba masa gishiri.

"Injiniya, gudun nan zuwa ina? Daga nan zuwa gidan mai?"

"Mutumin da ya girma a bayan saniya me ya sani a kan gudu?"

"Saniya dai tana kai mutum gida, ɗan masunci. Kuma tana ba da nono."

Wani ɗan kasuwa a Jimeta ya kawo masa kabureta biyu 'yan Beljiyam daga Onitsha. Ɗaya ta iso a tsage. Mai hankali sai ya jira a kawo wata. Hosea kuwa ya wayi gari ran wata Asabar ya buɗe murfin Fijo ya kwance tata, ya ce wa Hilda aro ne, zuwa Lahadi za ta koma. Lahadi ta zo ta wuce, wasu Lahadin suka bi ta, Hilda tana zuwa coci a keke da littafin waƙa a cinya. Kabureta ta Fijo ba ta zauna a injin Kwale-kwale ba, sai ya kai wa mai walda ya yanke gindinta, shi kuma ya zauna da ɗan ƙarfe ya ƙara faɗin ramin da mai ke fita. Duk da haka biyun suka ƙi jituwa, kamar an ɗaura wa jaki da doki garma ɗaya. Dalilin tiyon ke nan. Wai sai ya saurari shaƙar kowacce, har sautin ya zo daidai.

A kan wannan sauraron Hilda ta same shi. Ta fizge tiyon daga kunnensa.

"Baban Silas, Mubi ya faɗi. Endurance na daji. Ta ce ka zo hanyan Hong. Tayar da Fijo."

Hamajoɗa ya ajiye kofinsa yana salati. Hosea ya dubi matarsa, ya dubi Fijo da ke can gefe kaji sun mayar da ƙarƙashinta ɗaki.

"Ka mayar wa Fijo da abinsa yanzu-yanzu," in ji ta.

"Ba zai koma ba. An yanke gindin."

"To a sayo wani," in ji Hamajoɗa, yana neman takalminsa. "Na Fijo ai kamar gyaɗa yake a kasuwan Jimeta. Dada Silas, kwantar da hankali, yanzu zan je." Haka yake kiran Hilda da Fulatanci, wato Maman Silas.

Hosea ya sosa ƙeya. A nan ne ya fara lissafo sauran aron da bai taɓa ambata ba. Batir yana jikin Lady. Famfon mai ma haka. Wayoyin fulogi, da wani abu na birki da ya ce zai gwada ne kawai. Motar da ta raini 'ya'ya biyar ashe ƙwarya ce, an kwashe tuwon.

Hamajoɗa ya fita neman mota. Ya je tasha, direbobi suka ce ko Girei ba za su wuce ba sai sun ga abin da gari zai yi. Ya bi gidajen sanayya, duk mai mota ya riga ya tafi neman nasa, ko kuma ya cika tanki ya juya ta ta fuskanci hanyar Numan yana jiran a ce kule. Masu shagunan kayan gyara sun ja ƙofofinsu. Ya dawo da ƙura har gwiwa, hannu biyu.

"Ba komai," in ji Hosea, kuma Hilda ta rantse ta ga wani haske a idonsa. "Lady zai je. Kafin Fijo ya kai Song, Lady ya kai Hong. Kujera biyu ne, ni da Endurance. Ku ba ni minti goma in daidaita."

Minti goman nan ya cinye hantsi, ya cinye azahar. Hilda tana tsaye a kansa da waya a hannu tana danna lambar da ba ta shiga, shi yana juya ɗan kusa kaɗan, ya saurara, ya girgiza kai, ya mayar. Da ya taka totur da ƙarfi, salansa ta saki wata ƙara, tau! tau! tau! Unguwar da ta yini da kunne a tsaye ta fashe. Mata suka suri yara, wani maƙwabci ya tsallake katanga ya faɗa kan karas ɗin matarsa, mai sayar da awara a bakin layi ta kifar da kaskonta. Samari suka nufo gidan da gora da adda, Hamajoɗa ne ya tare ƙofa yana ɗaga hannu.

"Ba su ba ne! Wallahi ba su ba ne! Injiniya ne yake gwada hancinsa!"

Har yau akwai mutane a layin nan da idan ƙofa ta bugu da ƙarfi sai su zabura. Hosea bai ba kowa haƙuri ba. Ya shiga ɗaki, Hilda ta ɗauka takardun mota ya je ɗauka. Sai ga shi ya fito da farar riga a goge, da hular hana-salla, yana cusa yatsu cikin safar hannu ta fata wadda Baturen ya bar masa.

"Biki za ka?" in ji ta.

"Sitiyarin yana da santsi, Maman Silas."

La'asar ta kawo kai lokacin da Kwale-kwale ta fita daga layin, tana tari tana tofar da baƙin hayaƙi, ta nufi gadar Jimeta, inda duniya duka ke shigowa shi kaɗai yake fita.

'Yan Zumuntar Mata suka zo suka zauna da Hilda, aka yi addu'a, aka yi waƙa a hankali. Washegari da yamma wata tifa ta shigo layin, cike da mutane a tsaitsaye, wasu sun rungume katifa, wasu ba ko takalmi. A bayanta, ɗaure da igiya, ga jar motar tana bin ta kamar akuyar da aka sayo. Hosea yana riƙe da sitiyari. A kujerar gefensa akwai mace.

Hilda ta ruga har zaninta na kwancewa. Matar ta juyo. Tsohuwa ce, baƙuwa, ƙafafunta sun kumbura kamar tulu.

Sunanta Azumi, mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Hong. Direban tifa ne ya ce ba zai ja motar ba sai an ɗauke masa wannan tsohuwa da ba ta iya tsayuwa. Ba ta da kowa a Yola, Hilda ta shigar da ita ɗakin Endurance. Hosea ya ce mai ne ya ƙare masa kafin Gombi, gidajen mai duk a rufe, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wannan gaskiya ne. Hanci biyu da yake taƙama da su sun sha fetur shan raƙumi, tankin da yake kai shi Mubi a da ya bushe a rabin hanya, kuma bai taɓa tunanin haka ba sai da injin ya mutu.

Sauran labarin a bakin Azumi ya fito, Hilda tana gasa mata ƙafa da ruwan ɗumi da gishiri. Ba da mugunta ta faɗa ba. Ita a ganinta yabo take yi.

"Kai, maigidanki yana son motan nan, 'yata. Ban taɓa ganin irin sa ba."

Ta ce tana zaune a gindin wata bishiya a bakin titi ta ga motar ta mutu. Can sai ga akori-kura ta wasu mutane daga Jimeta, za su wajen Hong su kwaso ɗaliban da ke fitowa daga daji. Suka gane Hosea, suka tsaya. Suka ce, Baba, hau mu je, kai ka san fuskar 'yarka. Ya ce to wa zai tsare masa mota? Suka ce Baba, yau ana maganar mota? Ya je wurin wani mai shayi da ke haɗa kayansa zai gudu, mai shayi ya ce shi ba ya karɓar amana yau. Sai ya dawo ya buɗe murfin inji ya ɗauko sifana.

"Ya ce su jira ya kwance waɗannan abubuwa biyu ya sa a jaka, wai su ne ɓarayi za su fara cirewa. Direba ya yi hon, ya yi hon. Wani ya sauko ya kama hannunsa, ya fizge. Ƙarfen da zafi, yana ƙona shi yana kwancewa. Rana tana faɗuwa. Sai suka tafi."

Hilda ta gama gasa ƙafar. Ta goge ta da tawul, ta zubar da ruwan, sannan ta zaga rumfa. Hosea yana duba inda igiyar tifa ta kankare fenti. Hamajoɗa yana benci, kansa a ƙasa.

"An ce maka ka hau?"

Bai juyo ba. "Minti biyar kawai na roƙe su."

"An ce maka ka hau?"

"Kin san wahalan da na sha kafin..."

"Dada Silas," in ji Hamajoɗa a hankali, "ko ya hau ɗin, ba tabbas. Hanya dogo ne, daji da faɗi. Abin da Allah ya rubuta..."

"Bappa, ban tambaye ka abin da Allah ya rubuta ba. Yarinya ta ce ubanta ya zo hanyan Hong. Ubanta ya zo?"

Hosea ya ci gaba da duba fentin.

Akori-kurar nan ta dawo Jimeta da 'ya'yan wasu. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya ga 'yan mata daga ɗakin kwanan su Endurance a gindin wata tsamiya kusa da titi, suna leƙen kowace mota da ta wuce, da suka ji ƙarar babura suka koma daji. Aka tambaye shi ko tana cikinsu. Ya ce yana jin haka. Aka matsa, ya ce ba zai rantse ba.

Da aka ƙwato Mubi, Silas, babban ɗansu, ya baro aikinsa a Jalingo ya tafi. Ya samu ɗakinta a buɗe, akwatinta a fashe, tukunya a kan risho da shinkafa ta bushe a ciki. Ya bi sansanonin 'yan gudun hijira da hotonta, ya bi coci-coci da masallatai inda aka sauke baƙi, ya bi asibitoci. Wasu suka ce sun ga mai kama da ita a hanyar Maiha. Wasu suka ce cikin waɗanda suka tsallaka Kamaru.

Hilda ba ta bar gidan ba, ba ta kai ƙara ba. Takan dafa abinci ta ajiye masa a tebur ta rufe da faifai, amma tun ranar bakinta bai sake kiransa Baban Silas ba. Idan dole ta yi masa magana sai ta ce, "Mai mota, ana sallama." Hamajoɗa ya ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, sannan ya ce gwiwa ta hana shi hawa keke. A Wuro Hausa ana ganinsa yana zuwa kasuwa da ƙafarsa lafiya lau.

Shi kuwa Baba Hosea yana nan, ya haura saba'in, yana karanta nassi ran Lahadi da muryarsa ta da. Bayan wasu shekaru ya samu kabureta 'yar'uwar ta farko, ya ɗaura, suka jitu. Yanzu injin yana tashi da bugu ɗaya, sumul, ba tari ba hayaƙi. Ran Asabar yakan tayar da shi a rumfa ya bar shi yana aiki, maƙwabta su ja tagoginsu. Babu yaron da ke zuwa kallo, iyayensu sun hana. In ya samu baƙon da bai san labarin ba, sai ya zaunar da shi ya nuna masa ƙarfen yana ƙyalli, ya ce da a ce haka take a wancan lokacin, da an samu mai a Gombi, da ya isa Hong kafin rana ta faɗi. Yakan ce fetur ne ya ci amanarsa. Yana faɗin haka ido cikin ido, ko ƙiftawa ba ya yi.

A watan jiya wata 'yar cocinsu mai fataucin atamfa ta dawo daga Garwa. Ba ta tsaya a gidanta ba, ta wuce wurin Hilda. Ta ce a wani ƙauye can cikin Kamaru ta ga wata mata da yara biyu tana sayar da ƙosai, ta ji tana yi wa ƙaramin faɗa da Bachama, yaren gidan su Hilda. Ta tambaye ta daga ina, matar ta ɗauke kai ta ce ita ba ta da gari. Tana da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. Endurance tana da irinsa, amma mata da yawa masu suya suna da shi.

Silas ya tafi ran Talata da sassafe a motar haya. Ya ce ba zai kira ba sai ya ga fuskarta da idonsa. Har yanzu bai kira ba.